Bayan haɗari: a ja shasin, a canja ƙarfen, ko a sayar da motar?

Mota ta yi karo, an jawo ta gareji, fanal bita ya zagaya ta sau biyu ya yanke kuɗi. Wannan kuɗin na abin da ido ya gani ne: bamba, fitilu, bonet, madigadi, lagireto. Abin da zai nuna ko motar ta cancanci gyara yana bayan waɗannan, kuma ba ya bayyana sai an kwance an auna. Duk wanda ya amince da farashi kafin awo, ko dai a dawo masa da ƙarin kuɗi ana tsakiyar aiki, ko a rufe masa ɓarnar da fila da fenti.

Da farko ka san irin motarka. Hilux, Land Cruiser, Prado da 4Runner suna da shasi mai kama da tsani, bodin yana zaune a kansa da noti, ana iya ɗaga ɗaya a bar ɗaya. Corolla, Camry, Accord, Civic, Golf, Peugeot 406, Sienna, Highlander, RAV4 da CR-V ba haka suke ba. A cikinsu bodin shi ne shasin: farantan ƙarfe ne aka lanƙwasa aka haɗa da ɗigon walda dubbai. Ƙarfen waje bai kai kaurin milimita 1 ba, na ƙafafun shasi kuwa, wato dogayen ƙarafa biyu da suke ɗauke da injin hagu da dama, tsakanin 1 da 2 yake. Ƙarfinsa a siffarsa yake, kamar gwangwani da zai ɗauki nauyi idan yana tsaye lafiya, amma da gefensa ya lotsa sai ya rushe da ɗan dannawa. An kuma ƙera ƙafafun shasi na gaba su nannaɗe kamar zugazugi lokacin karo, su shanye bugun kafin ya isa ga mutane. Ƙafar da ta nannaɗe ta gama aikinta. Tambayar ita ce ko gyaran da za a yi zai sa ta iya maimaita shi.

Ina bugun ya tsaya?

Amsar wannan ita ce rabin shawarar. Idan ɓarnar ta tsaya a ƙarfen bayan bamba, gadon lagireto da bakin ƙafar shasi, ba ta kai inda gadon injin yake ɗaure ba, aiki ne mai sauƙi, kusan kullum ya cancanci a yi. Idan ta shiga ƙafar shasi har gidan shokozoba, an shiga aikin da yake bukatar gwani da kayan awo. Idan kuwa ta kai ɗakin fasinja, wato bangon da ya raba injin da direba, ginshiƙan ƙofa, dokin ƙofa, daɓen mota ko rufi, to zancen sayarwa ya fara rinjaye.

Kada ka tsaya a inda aka bugu. Motar da aka daka ta gaba, duba rufinta daidai saman ginshiƙin tsakiya: ƙaramar lotsawa a can tana nufin bugun ya ratsa ɗakin gaba ɗaya. Duba tazarar ƙofofi, wadda a yawancin motoci milimita 3 zuwa 5 ce kuma daidai take daga sama har ƙasa. Ƙofar da ta matse a sama ta buɗe a ƙasa, ko take bukatar a ɗaga ta kafin ta rufu, ta ba da labari. Ɗaga kafet ka duba daɓen wajen ƙafar direba ko ya tattare. Bi layin gam ɗin da kamfani ya shafa a mahaɗar ƙarfe da tocila. Inda ya tsage, ko fenti ya ɓare a jikin ƙafar shasi, ƙarfen wurin ya motsa. Gilashin gaba da ya tsage daga kusurwa ba tare da wani abu ya buge shi ba, shi ma shaida ne.

Sai awo. A ajiye motar a daɓe mai daidaito, a cire bamba, fitilu da madigadi. A ƙarƙashin mota da cikin ɗakin injin akwai ramuka da kawunan noti da suke biyu-biyu, hagu da dama. A auna daga na gaba a hagu zuwa na baya a dama, sannan a juya, kamar yadda magini yake gwada kusurwar ɗaki. Abin da ake yarda da shi a wannan sana'a bambancin da bai wuce milimita 3 ba ne. Sai dai wannan awon na gicciye yana da makanta: idan ƙafafun biyu sun matsu baya daidai wa daida, zai nuna lafiya lau. Saboda haka a auna tsawo, a auna nisan kowane wuri daga ƙasa, a kwatanta da littafin awon kamfani ko da lafiyayyar mota irinta, abin da ba ya wuyar samu idan Corolla ce ko Camry. A auna kuma tsakanin cibiyar tayar gaba da ta baya a kowane gefe. Corolla ta 2003 zuwa 2013 milimita 2,600 ce, Camry ta 2007 zuwa 2011 kuwa 2,775, Accord ta Amurka ta 2008 mai ƙofa huɗu 2,800. Idan gefe ɗaya ya gaza, kada a yi saurin ɗora wa shasi laifi, domin hannun ƙasa na taya ko gadon injin da ya goce yana kawo haka. A canja abin da ya lanƙwashe, a sake aunawa.

Na'urar alaimen ta kwamfuta ma ma'auni ce mai araha. A motoci irin Corolla da Camry ba a saita kasta, wato jinginar shokozoba gaba ko baya. Idan an sa lafiyayyun kayan ƙafa amma kastar hagu da ta dama suka bambanta da fiye da rabin digiri, ko taya ɗaya ta kwanta ciki ta ƙi tashi, gidan shokozoba ko mazaunin gadon injin ya matsa.

Zaɓi na farko: a ja

Ja yana dacewa da ƙarfen da ya lanƙwashe a hankali, wanda idan ka shafa hannu ba za ka ji kaifi ba. Ƙarfen da ya karye kwana, ya yi kaifi kamar ninkin takarda, ko ya tsage, ko ya nannaɗe, ba na ja ba ne. Ko an miƙe shi ya yi kyau a ido, layin ninkin ya riga ya gaji, kuma a nan zai sake karyewa.

Ja na gaskiya a kan benci ake yinsa, wato teburin ƙarfe na jan shasi. Ana damƙe motar a wurare huɗu a leɓen ƙarfen da ke ƙarƙashin dokin ƙofa, yadda tsakiyarta ba za ta motsa ba, sannan a ja da sarƙa ta hanyar da bugun ya shigo, a mayar da shi baya. Ɓarnar da ta faru a ƙarshe, wadda ta fi nisa da wurin karon, ita ake fara warwarewa. Ana ja kaɗan, a bubbuga wurin da guduma don ƙarfen ya saki, a sassauta, a auna, a sake ja. Ana ɗan zarce awon kaɗan saboda ƙarfe yana komawa baya idan an saki sarƙa. Duk wannan a sanyi ake yi.

Abin da aka fi gani a bakin titi daban ne: a ɗaure bayan motar a bishiya ko turke, a sa sarƙa da jak a gaba, a hura wutar gas har ƙarfe ya yi ja, a finciko. Illa biyu ke nan a haɗe. Tunda ba a damƙe tsakiyar motar ba, jan yana ratsa bodin duka, ya buɗe bakin ƙofofi, ya ɓalle ɗigon walda a wuraren da haɗarin ma bai taɓa ba. Wutar kuma tana kashe ƙarfen. Ƙarfen da ya yi ja ya haura digiri 600, kuma wannan zafin yana warware taurin da aka ba shi a masana'anta, ya ƙone rufin da ke hana tsatsa ciki da waje. Cikin ƙafar shasi ba ya fentuwa da buroshi, don haka tsatsa take farawa daga can, ba mai gani.

Shekarar mota tana da muhimmanci a nan. Ƙarfen tsofaffin motoci, irin 406 da Camry ta ƙarshen shekarun 1990, mai laushi ne, yana jure ja. Daga tsakiyar shekarun 2000 kamfanoni suka ƙara yawan ƙarfe mai tauri. Honda ta sa sabon tsarin gaban mota mai rarraba bugu a Civic ta 2006 da Accord ta 2008. A ma'aunin ƙarfin ƙarfe, mai laushi yana wajen megafaskal 270, na ƙafafun shasi a sababbin motoci yakan kai 590, na ginshiƙan ƙofa da dokin ƙofa kuwa 980 har 1,500. Wannan na ƙarshen ba a miƙe shi ko kaɗan: a sanyi tsagewa yake yi, da wuta kuma ya zama ƙarfen banza. Gyaran da ya yi wa tsohuwar mota daidai zai iya lalata ta 2015.

Ja shi ne mafi araha cikin zaɓin uku, tunda kuɗin aiki ne kawai ba sayen ƙarfe. Idan ɓarnar lanƙwasa ce kuma akwai benci, shi ne ma mafi kyau, domin waldar kamfani tana nan ba a taɓa ta ba.

Zaɓi na biyu: a cire a sa wani

Wannan shi ne maganin ƙarfen da ya karye kwana ko ya nannaɗe. Ko a nan ma ja ne farko. Ana jan motar ta dawo kan awonta tun lalataccen ƙarfen yana jiki, saboda shi ne abin kamawa. Wanda ya fara yankewa ya rasa inda zai ja abin da ke bayansa.

Hanya mafi inganci ita ce a cire ɓangaren duka daga inda kamfani ya haɗa shi. Ana huda ɗigon waldar ɗaya bayan ɗaya da bakin diril na milimita 8, ba a sare su da kurfi ba, don kada a yaga ƙarfen da zai zauna. A ɗora sabon, a damƙe, a auna, a rataya madigadi da bonet da fitilu a ga tazararsu ta yi daidai, sannan a yi walda. Yawan ɗigon ya zama kamar na asali kuma a wurarensu, ta ramukan milimita 8 da ake cikewa da injin walda mai waya da iskar gas. Waldar kabaid da sandar tagulla ba ta riƙe shasi, tana kuma baza zafi nesa. Waldar lantarki ta sanda, irin ta masu ƙofa da taga, huda siririn ƙarfe take yi. Kafin a kunna injin walda a cire batir, a jira daƙiƙa 90 a Toyota, minti 3 a Honda, don kada jakar iska, wadda take kumbura ta kare mutum lokacin karo, ta fashe. Bayan an gama a shafa gam a mahaɗa, a fesa maganin tsatsa cikin ƙafar shasin ta ramukanta. Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, domin mai mota ba ya ganinsa.

Akwai kuma yanke ƙafar shasi a tsakiya a jona rabi. Kamfanoni sun yarda da haka a wasu motoci, a wuraren da suka ayyana kaɗai. Ba a jonawa a inda aka tsara ƙarfen ya nannaɗe, ko kusa da mazaunin injin da na shokozoba, ko inda ƙarfen yake ninki biyu a ciki. Wani fanal bitan, da kyakkyawar niyya, zai lafta ƙarfen kwana ko guntun sifirin a kan jonin, ya ce ya fi na kamfani ƙarfi. Kada ka yarda. Ƙafar da ta ƙi nannaɗewa tana miƙa bugun kai tsaye ga ƙafafun direba, tana kuma rikita lokacin da jakar iska za ta fashe, wanda da ƙyar ya kai ƙiftawar ido.

Ƙarfen da za a sa yawanci daga rabin mota ake ciro shi, irin waɗanda ake samu a Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Apo a Abuja ko Ladipo a Legas. Ka je da mai gyaran, ku auna rabin motar kamar yadda kuka auna taka, domin ita ma wataƙila haɗari ne ya kawo ta kasuwa. A yanko ɓangaren da rara, ya zarce mahaɗarsa, a ƙarasa kwancewa a gareji. A kula da asalin mota: Accord ta Amurka da ta Turai daga 2003 motoci biyu ne daban masu suna ɗaya, gaban Corolla ta Amurka ta 2003 zuwa 2008 ma ba ɗaya yake da ta Turai ba. Rabin motar da ya fito daga Japan ko Ingila sitiyarinsa a dama yake; bangon injinsa ba zai yi maka ba, fitilunsa kuma suna haska hannun da ba namu ba.

Sai babban abin gudu, wato a raba mota biyu a jona gaban wata da bayan wata, a yanka ginshiƙan gilashi da daɓe daga gefe zuwa gefe. Yana da saurin yi, yana kyau a ido, shi ya sa ya yaɗu. Amma yankan yana bi ta ƙarfen da ya fi kowane tauri a motar, mai ninki biyu ko uku, kuma na waje kaɗai walda take kamawa. Irin wannan motar ce take rabewa a karo na biyu. Ga kuma matsalar lambar shasi, wadda a motoci da yawa a bangon injin ko a daɓe aka buga ta: idan ta tafi da ɓangaren da aka yar, takardun kwastan da na rajista sun daina dacewa da motar. Idan gyaran da ya rage wa mota shi ne wannan, ta wuce gyara.

Zaɓi na uku: a sayar yadda take

Mutane suna ganin wannan kamar asara ce, alhali sau da yawa shi ne mafi ƙarancin asara. Injin, giya, ƙofofi, kujeru da kwamfutar Toyota ko Honda suna da kasuwa nan take. Ya fi dacewa idan ɗakin fasinja ya motsa, ko ginshiƙin tsakiya ya shige ciki a bugun gefe, ko motar ta wuntsila rufin ya karkace, ko ƙafafun shasi biyu sun tafi har bangon injin. Haka nan idan da aka kwance aka tarar da tsohon gyara a ƙasa. Wannan ba baƙon abu ba ne, tunda motoci da yawa da ake shigowa da su daga Amurka an saye su ne a gwanjon motocin haɗari irin Copart da IAA, aka gyara a Legas ko Kwatano. Lambar shasi mai harafi da lamba 17 takan fito da hotunan gwanjon a intanet. Ƙarfen da aka taɓa gasawa aka ja, ba ya ɗaukar ja na biyu.

Lissafin kuɗi

Farashin kaya yana bin canjin dala, don haka adadin da aka faɗa yau ba ya kai wata uku. Abin da ba ya canjawa shi ne yadda ake lissafin. Lambobi huɗu kake bukata: darajar motar kafin haɗari, abin da za a saye ta yanzu a lalace, kuɗin gyara, da abin da za ta yi a kasuwa bayan gyara. Na huɗun ne ake mantawa. Motar da aka taɓa shasinta ba ta komawa farashinta na da, ko da aikin ya yi kyau, domin dillali yana buɗe bonet zai gani.

A ce, don misali kawai, mota tana naira miliyan 8 kafin haɗari, an taya ta miliyan 3 a lalace, an yanke gyara miliyan 2 da rabi, kuma bayan gyara za ta yi miliyan 6 da rabi. Ƙara kashi ɗaya cikin huɗu a kan kuɗin gyara saboda abin da zai ɓullo bayan an kwance, ya zama wajen miliyan 3.1. Cire shi daga 6.5, saura 3.4. Ke nan duk wahalar gyaran, da makonnin da za ka yi ba mota, a kan naira dubu 400 ne. Idan ɓarnar ta bakin shasi ce, kuma kai za ka ci gaba da hawa shekaru, gyara ya fi, tunda faɗuwar farashin ba za ta dame ka ba sai ranar sayarwa. Idan ta kai gidan shokozoba a mota mai taurin ƙarfe kuma babu benci a garinku, karɓi miliyan 3. Jihohi da dama a Amurka suna ɗaukar mota ta tashi daga aiki idan gyaranta ya kai kashi 75 cikin 100 na darajarta. A nan kuɗin aiki bai kai nasu ba, shi ya sa ake gyara abin da su suka yar, amma arahar aiki ba ta canja halin ƙarfe.

Ka sa a rubuta maka kuɗin gyaran kashi-kashi: awo da ja, ƙarfen shasi, kayan waje, kayan sanyaya injin da na AC, kayan ƙafa da sitiyari, wayoyi, fenti, alaimen, sai kayan kariya. Abubuwan da suka fi ɓoyewa su ne mazaunan injin da suka tsage, rak ɗin sitiyari, shaf, kan giya da ya fashe, da wayoyin da suka datse a bayan fitila. Kayan kariya kuwa su ne suke juya lissafi. Idan jakunkunan iska sun fashe, ba su kaɗai za a saya ba: akwai bel ɗin kujera da suka ƙulle, na'urorin jin bugu na gaba, wayar cikin sitiyari, kwamfutar jakar iska, sau da yawa har dashbod da gilashin gaba. Wanda ya ba ka farashi mai sauƙi a nan, tambaye shi me zai sa. Abin da ake yi shi ne a liƙe murfin ba komai a ciki, a jona ɗan resista don fitilar gargaɗi ta mutu, ko a cire ƙwan fitilar. Lafiyayyar fitilar SRS, wato ta gargaɗin jakar iska, tana kamawa idan an murɗa makulli, ta yi kamar daƙiƙa 6, ta mutu da kanta. Wadda ba ta kamawa sam, an taɓa ta.

Game da inshora, ta dole da yawancin mutane suke yanka ba ta gyara motarka, ta wanda ka buga take biya. Tun Janairun 2023 kuɗinta ga motar gida naira 15,000 ne, kuma tana ɗaukar ɓarnar dukiya har naira miliyan 3. Saboda haka idan kai aka buga, karɓi bayanin inshorar wanda ya buge ka. Idan kana da cikakkiyar inshora, kada a kwance ko noti ɗaya kafin jami'insu ya gani, kuma ka ɗauki hotuna tun a wurin haɗarin.

Idan shawara ta tsaya a kan gyara, raba biyan kuɗin gida uku, ka riƙe kaso na tsakiya sai ka ga shasin tsirara, an gama ja da walda, ba a shafa fila ko fenti ba. A sake awon gicciye a gabanka. Duba ko akwai shuɗi ko baƙin ƙuna a jikin ƙafar shasi, alamar an sa wuta. Duba ramukan notin madigadi da na bonet: idan an faɗaɗa su da diril don kaya su zauna, shasin bai dawo ba, kayan aka karkatar su bi shi. Fila a kan ƙarfen waje kada ta wuce milimita 3, a kan ƙafar shasi kuwa ba ta da wurin zama ko kaɗan, kuma maganaɗisu zai nuna maka inda aka lafta ta. Kaso na ƙarshe sai bayan takardar alaimen ta fito da hagu da dama sun dace, an hau titi mai kyau an ga motar ba ta ja gefe, sitiyari yana tsakiya, an kuma watsa mata ruwa an duba kafet da but ba su jiƙe ba. Bayan kilomita dubu biyu ko uku ka sake duba tayoyin gaba. Idan gefe ɗaya yana cinyewa, mayar da ita a sake awo tun ba ka sayi wasu tayoyin ba.